Motar Soja a Tsakar Gidanmu

Tun da na san kaina akwai motar soja a tsakar gidanmu, kuma ban taɓa ganin ta motsa ba. Ƙatuwar mota ce mai dogon hanci da buɗaɗɗen baya, tayoyinta sun kusa kai mini ƙirji ko bayan na girma. Baba ya yi shekaru yana tuƙa irinta a aikin soja. Da ya ajiye aiki aka yi gwanjon tsofaffin motoci, ya sayi wannan, ya riƙa ɗauko gero da albasa da shinkafa daga gonakin Kwalkwalawa zuwa cikin gari. Da ita ya ciyar da gidan nan. Ina goye a bayan Inna motar ta yi tari ta mutu a gindin darbejiyar tsakar gida, aka yi ta cewa za a gyara, har idanun Baba suka fara rauni, maganar ta bi ruwa.

Inna kuwa ba ta barin wuri ya zauna a banza. Bayan motar ya zama ma'ajiyar albasa da tsofaffin tukwane, kaji suka mayar da ƙarƙashin kujerar direba gidan ƙwai, igiyar shanya kuma a jikin madubi aka ɗaure ta. Ni ma a cikinta na yi wasan 'yar tsana. Baba kaɗai ne bai taɓa ɗaukarta a matsayin kayan gida ba. Kullum da safe, in zai je tabarmarsa, sai ya bi ta jikinta ya dafa ta kafin ya wuce.

Mutum ɗaya ne ya tsane ta, wato Yaya, ɗan farin gidanmu. Yana zaune a unguwar Arkilla da iyalinsa, amma shagonsa na kayan gini a ƙofar gidanmu yake, yana kallon hanyar da ke fita titin Sama. Shi ya yi wa Baba karen mota yana saurayi. Ya sha tura ta cikin rana, ya sha kwanciya a ƙarƙashinta abokansa na wucewa suna yi masa dariya, kuma bai manta ba. A gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Baba da Inna ba sa kiran sunansa, ba sa yabonsa, Baba ma ba ya yi masa magana baki da baki. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, ni auta zai juya ya ce wa in faɗa wa yayana kaza. Na taso ni ce 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna.

Shekarar da na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa, Yaya ya shigo da 'yan gwangwan su ga motar. Yana son wurin ya gina ɗakuna, su kuma za su yayyanka ta su kwashe ƙarfen. Suka zagaye ta suna ƙwanƙwasa jikinta. Baba na zaune ya ji ƙarar, ya tambaye ni su wane ne, na faɗa masa. Da aka kawo abincin rana ya ce ya ƙoshi, kuma ni na san bai ci komai ba tun koko.

Ni dai an san ni da baki. Na bi Yaya har shago na zazzage masa abin da ke cikina, a gaban masu sayen siminti. Ya bar ni na gama, sannan ya ce tunda ina ji da kaina, ga sharaɗi: in motar ta fita daga gidan nan da ƙafarta ta ɗauko geron bana daga Kwalkwalawa, ya bar maganar har abada. In kuwa aka yanke gero tana nan, 'yan gwangwan za su dawo da wutarsu ta yankan ƙarfe. Yana faɗa yana dariya, domin ya tabbata ya ɗaure ni. Na ce na yarda tun kafin ya rufe baki. Sai da na dawo tsakar gida na kalli motar, kaza na leƙo ni ta gilas, sannan na gane girman abin da na ɗauko wa kaina.

Da na faɗa wa Baba, sai ya miƙe zaune. Ya aika aka kira masa wani tsohon abokinsa bakanike da suka yi bariki tare, wanda muke kira Kawu. Kawu ya buɗe hancin motar, ya kori ƙadangaru, ya daɗe yana leƙe-leƙe, daga ƙarshe ya ce injin irin wannan ba ya mutuwa, barci yake yi. Aka raba aiki nan take. Inji da birki na Kawu, jiki da fenti nawa, Baba kuma shi ne mai ba da umarni daga tabarma. Inna ta kwashe albasarta tana mita, ta ce a gaya mata inda kajinta za su koma tunda gidan ya zama gareji.

Ban san aikin samfefa, takardar goge tsatsa, ba sai da na shiga. Ana idar da sallar asuba nake ɗaura tsohon zane, in rufe hanci da ɗankwali, in hau turmi in fara goga. Rana na ɗagawa ƙarfen zai yi zafin da ba a iya dafa shi, dole in sauka sai bayan la'asar. Tafin hannuna ya yi kanta, farcena ya kakkarye, tsatsa ta rina mini gira. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa aron rariya ko garwashi don su ga 'yar boko a kan mota. Wata ta ce wa Inna a haka babu mai aurena. Na ce wa matar wanda ba ya son mace mai mota ya zauna gidansu.

Amma wallahi daɗi nake ji, irin daɗin da ke hana mutum zama wuri ɗaya. Duk inda na goge sai wani launi ya fito daga ƙasa. A sama ruwan ƙasa ne da ya koɗe. Ƙarƙashinsa rawaya, wanda Baba ya ce ya shafa shekarar da albasa ta yi albarka. Ƙarƙashin rawayan kuma sai ga koren soja, mai duhu, ya kama ƙarfe kamar tare aka ƙera su. Ranar da na fara ganinsa na diro daga turmi na ja hannun Baba na ɗora a wurin. Ba ya ganin launi, amma ya daɗe yana shafawa, ya fara ba ni labarin hanyoyin da ya bi da ramukan da ya faɗa. A watannin nan na ji maganar Baba fiye da duk wadda na ji a rayuwata.

Wata safiya na iso wata lotsawa a gaban motar, saman tayar hannun dama, mai zurfi har hannu na shigewa. Na kwaɓa foti zan cike ta yadda Kawu ya koya mini. Baba ya ji wajen da nake, ya tambayi abin da zan yi. Da na faɗa masa sai ya taso da sandarsa ya laluba wurin.

"Bar ta yadda take, Auta," ya ce. "Yayanki na yay yi ta, ran da nif fara ba shi sitiyari. Ya ƙi bari jakin mutane ya mutu, yak kai ta ga icce. Ki shahe ta da henti, amma kak ki cike ta."

Na ce ai za ta ɓata kyan aikin. Ya ce ya ji, in bar ta. Ya kuma gargaɗe ni kada in kai wannan magana shago.

Sai rigimar launi. Baba so yake a mayar da ita koriya yadda ya san ta. Kawu ya rantse cewa in muka fito da ita cikin koren soja, ba za mu kai ƙarshen titin Sama ba za a tsayar da mu, kuma shi da furfurarsa ba zai je yana bayani a gaban yara masu kaki ba. Suka yi ta musu kamar za su daku, suna tuno wa juna laifuffukan da suka yi tun suna samari. Inna ce ta raba gardamar daga bakin murhu, ta ce a yi shuɗi irin na ƙofar ɗakinta kowa ya huta. Aka tsaya a kan shuɗi, ni kuma na bar wa Baba koren a cikin ƙofar direba, daidai inda gwiwa ke taɓawa.

Ranar da na buɗe gwangwanin fenti na farko ban iya karya kumallo ba don zumuɗi. Na fara da jan fenti na hana tsatsa, ya bushe, sannan shuɗin. Burushi nake amfani da shi, domin injin feshi ya fi ƙarfina. Shafa ta farko da na ja a kan hancin motar, na tsaya ina kallo ina dariya ni kaɗai. Darbejiya kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Iska kaɗan za ta kaɗa, ganye da 'ya'ya su zubo su manne a ɗanyen fenti. Damina ta riga ta kama, ga hadari kullum yana yi mana barazana. Inna da ke ta mita ita ta fito da tsofaffin zannuwanta, muka ɗaura su daga reshe zuwa katanga, motar ta koma kamar amarya a lalle. Duk da haka wata kaza ta samu kafa ta bi ta kan rufin, ta bar mini sawunta daga wannan gefe zuwa wancan. Na bi ta da burushi har bayan ɗaki, Inna na cewa in na taɓa mata kaza sai na biya da ƙwai.

Yaya yakan shigo gaisuwa ya wuce kansa a sama, wai bai ga komai ba. Amma wata rana na tarar da galan ɗin tina na sirka fenti da sabon burushi a bakin zaure. Da na tambaya ya ce kaya ne da suka daɗe a shago, ya rasa mai saye. Na ce Allah ya ƙara kawo irin wannan rashin kasuwa.

Gero ya fitar da kai a gona lokacin da Kawu ya ce a kawo batir. Ya zuba mai, ya hau, ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Baba daga tabarma ya ce ya ɗan saki totur, yana shaƙe ta. A murɗawa ta gaba ta yi wani tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan, ta kama. Ƙasa har rawa take. Kaji suka haye katanga, Inna ta saki guɗa ba ta sani ba, ni kuwa ina ta tsalle da burushi a hannu har na ɗiga wa kaina fenti a ka. Na waiga na ga Baba tsaye ba sanda, ya karkata kai yana saurare, bakinsa na motsi.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka aiko daga Kwalkwalawa cewa a zo a ɗauka. Na wanke motar tun da sassafe, tana ta ƙyalli. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ba Juma'a ba ce. Unguwa ta taru a waje. Kawu ya hau, ya ja ta a hankali daga gindin darbejiya, tayoyin suka fita daga ramukan da suka yi wa kansu. Ina tafe a gefenta. Ya miƙe ta zuwa ƙofar gida, hancin ya leƙa waje, mutane suka fara tafi. Sai ya taka birki.

Hancin ya wuce, bodin ya ƙi. Ya fi ƙofar faɗi da kamar tafin hannu.

Sai a lokacin kowa ya tuna. Ina sakandare aka gina shagon Yaya, kuma bangon shagon ya ci wani yanki na tsohuwar ƙofa, aka sa ƙaramin get. Ƙaramar motar Yaya na shiga tana fita kullum, don haka a idonmu ƙofa ƙofa ce. Baba kuma ƙofar da ya sani a kansa ita ce ta da, wadda yake shigowa da lodi ba ya ko rage gudu. Mun yi watanni muna auna fenti da mai, babu wanda ya auna hanyar fita. Kawu ya cire maduban, bai isa ba. Aka ɓalle ƙyauren get ɗin duka biyu, bai isa ba. Hagu bangon ɗakin maƙwabta ne, ba namu ba. Dama kuwa bangon shagon Yaya ne, da kantoci cike da kaya a jikinsa.

Yaya na tsaye a bakin shago ya harɗe hannu. Bai yi dariya ba, gaskiya. Na fara kame-kame, na ce ai ta tashi, ta yi tafiya da ƙafarta, sharaɗi ya cika. Ni kaina na san ba haka aka yi ba. Kowa ya juya yana kallon Baba, domin kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a rushe bangon. Amma Baba ba zai roƙi ɗan farinsa komai ba, balle ya sa shi asara a gaban jama'a. Ya laluba jikin motar, ya shafa sau ɗaya, ya juyo wajena.

"Auta, hwaɗa ma yayanki ya kira mutanenai. Yadda anka yi magana, hakanan za a yi. Na ji kukanta, ya ishe ni."

Ya juya zai koma tabarma da babbar rigarsa. Hawaye suka zubo mini, kuma ni in na yi kuka masifa ke biyo baya. Na manta da gargaɗin da aka yi mini. Na isa gaban Yaya na ce masa ya kira su, su fara yankawa daga lotsawar da ya yi, tunda ita ce Baba ya hana ni cikewa. Na ce duk motar nan na gyara ta tas, wuri ɗaya aka ce in bari, saboda hannunsa ne, saboda ranar ya ceci jakin mutane. Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Inna ta rufe fuska da gyale don kunya, Baba ya tsaya cak bai waigo ba.

Yaya ya dube ni, ya zagaya gaban motar. Lotsawar na nan, shuɗiya, tana ƙyalli kamar sauran jikin. Ya sa hannu a ciki ya daɗe a tsaye. Daga nan ya shige shago. Na ɗauka waya zai ɗauko. Sai muka ga ya fara fito da gwangwanayen fenti da kwalayen ƙusa yana jerawa a bakin hanya. Maƙwabta suka gane kafin ni, suka shiga taya shi. Da aka kwashe kantocin, ya ɗauko sabuwar guduma daga cikin kayan sayarwa, ko ledarta ba a cire ba, ya tuɓe rigarsa ta sama.

"Ku ja baya," ya ce. "Ke kuma mai baki, riƙe min hula."

Bugun farko da ya kai wa bangon, na ji shi har cikin haƙorana. Bulo ya fara zubowa, samarin unguwa suka karɓi gudumar suna yi bi da bi, mata na leƙe ta kan katanga. Ni ina rungume da hula ina kuka ina dariya. Kafin rana ta take, kusurwar shagon ta tafi, ana hango cikinsa daga titi. Kawu ya sauko daga motar ya miƙa wa Yaya makulli ba tare da an ce masa ba.

Mu uku muka shiga gaba, Yaya a sitiyari, ni a tsakiya, Baba a bakin taga. Yaya ya ja ta a hankali. Wani guntun rodi da ya rage a bangon ya kama gefen bodin, na ji ƙiiii tun daga gaba har baya, a kan fentin da na yi wata da watanni ina lallaɓawa. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya dafa gwiwata, na haɗiye. Tayoyin baya suka sauka kan hanya, unguwa ta ɗauki sowa.

A titin Sama masu keke suka riƙa kaucewa suna leƙenmu, mutane na nuna mu da yatsa. Ni kuwa ina ɗaga wa kowa hannu kamar na san shi. Baba ya rufe ido yana bin kukan injin da kunne. Can zai ce, Auta, faɗa masa ya sa giya ta biyu. In juya in faɗa wa mutumin da kafaɗarsa ke gugar tawa. Can kuma, Auta, faɗa masa ya bar hawa kuloci. Haka muka tafi har Kwalkwalawa ina isar da saƙo, Yaya na cewa in ce ya ji.

A gona aka loda dammunan gero har suka wuce bodin, aka ɗaure da igiya. Tsofaffin da suka san motar tun da suka zo suna dafa ta suna gaisawa da Baba. Na zagaya na duba karcen, dogo ne, har jan fentin ƙasa ya fito. Na ce gobe zan shafe shi. Yaya ya ce in na ga dama in bar shi, tunda gidanmu an saba ajiye ɓarnarsa.

Da za mu koma, na kama ƙofa zan shige tsakiya, sai Baba ya riƙe hannuna ya ce iska ta dame shi, in zauna bakin taga. Rana ake yi mai zafi, ko ganye ba ya motsi. Na taimaka masa ya hau, ya zauna kusa da Yaya, na rufe ƙofa. Motar ta yi nauyi yanzu, kukanta ya sauya. Da muka fara hawa kwalta injin ya ɗauki ƙara, na gyara zama ina jiran a ce Auta.

"Sa ta ukku, yaro," in ji Baba. "Hannunka bai mance ba."

Yaya ya ce, "To, Baba." Ya sa giyar.

Na juya na leƙa ta taga ina kallon gonakin shinkafa, ban sake waigowa ba har muka shiga gari.